Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Motar Tafi-da-gidanka: Ta Yi Hutu, Ta Kai Yara Makaranta

Tun da muka dawo daga dogon hutun da muka yi a bakin tekun Wels, 'yan'uwa mazauna Birtaniya ba su bar ni na sarara ba. A masallaci bayan an sauko daga Juma'a, a wurin suna, ta waya, tambayar ɗaya ce: wannan mota mai gado da murhu a ciki yaya ake sayenta, kuma da gaske da ita kake kai yara makaranta? Da ita nake kai su. Turawan nan kamfaban suke ce mata, ni kuwa ban ga sunan da ya zauna mata kamar motar tafi-da-gidanka ba.

Kafin mu shiga matakai, a riƙe abu ɗaya. Hutun mai aikin albashi bai cika wuce sati biyar ko shida a shekara ba. Sauran kwanakin duka motar nan motar cefane ce, ta makaranta, ta Islamiyya, ta asibiti. Don haka na jera matakan bisa abin da zai dame ka kullum, ba abin da zai burge ka ran da ka fara ganinta ba. Dokoki da kuɗaɗen da zan ambata na Birtaniya ne. Wanda ke Jamus ko Faransa, jerin zai yi masa amfani, amma ya duba dokar inda yake.

1. Ƙirga kawuna

Kada ka buɗe tallar mota ko ɗaya sai ka rubuta mutum nawa za su riƙa shiga. Ka sa da jaririn da ake sa ran zuwansa, ka sa da Hajiya idan takan zo daga gida ta yi muku wata uku.

Masu talla sukan ce "tana kwanar da mutum huɗu". Wannan lissafin gado ne. Abin da kake nema shi ne kujeru masu bel, kuma ba dole ne adadin ya zo ɗaya ba. A nan ne yawancin iyalanmu ke cin tuntuɓe, domin an ƙera motocin nan ne da mata da miji da yara biyu a zuciya. Volkswagen California Ocean, wadda kowa ke sha'awa, kujeru huɗu gare ta. Mercedes Marco Polo ma galibi huɗu ce. Mai yara uku ya cire su daga lissafi tun yanzu, kada ya ɓata wa kansa rai. Ford Nugget tana da biyar. California Beach ana samunta da biyar ko fiye, sai dai kicin ɗinta ɗan ƙarami ne, wata ma babu shi sam.

Idan yaranku huɗu ne ko fiye, shawarata ita ce ku fifita kujeru. Wurin kwana ana iya ƙara shi da tantin da ake jonawa a ƙofar gefe. Kujera mai bel kuwa ba a ƙara ta da dabara.

Hattara: dokar Birtaniya ta ce yaro ya zauna a kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsayinsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Ba a ɗaura kujerar yaro a bencin da ke fuskantar gefe. Ka nemi ƙarafan ISOFIX, waɗanda ake maƙala kujerar yaro a jikinsu, da hannunka, ka kuma tafi da kujerun yaranku ka ɗaura su a jere ka gani. Sau da yawa biyu suna zama, ta ukun ta ƙi shiga.

Hattara ta biyu ta fi ta farko nauyi. Yawancin motocin da ke kasuwa asalinsu motocin kaya ne, wani kamfani ko wani mutum ya mayar da su ɗaki. Kujerar baya da ke buɗewa ta zama gado, ita ce yaranka za su zauna a kai kuna gudun mil 70 a awa. Ka nemi takardar da ta nuna an yi wa irin kujerar gwajin haɗari, da shaidar wanda ya ɗaura ta. Idan babu takarda, komai kyan katakon cikin, ka yi sallama ka tafi.

2. Ɗauki awo ka fita waje

Auna filin ƙofar gidanka, tsawo da faɗi. Sannan ka bi wuraren da kuke zuwa kowane mako ka karanta lambar da ke jikin ƙarfen da ake gittawa a saman mashigar fakin. Da yawansu mita 2 ne ko 2.1. Wannan lamba ita ke raba motocin gida biyu.

Akwai masu rufin da ake ɗagawa da daddare a sauke da safe. California tsayinta sama kusan mita 1.99 ne, tsawonta kuma mita 4.9 a samfurin T6.1, sabuwar da ta fito a 2024 ta ɗan haura mita 5. Ford Transit Custom gajeriya ma kusan mita 5 ce. Gurbin fakin da aka saba zanawa a ƙasar nan mita 4.8 ne da 2.4, ka ga waɗannan da ƙyar suke zama, amma suna zama.

Akwai kuma manya da ake ginawa a kan Fiat Ducato da 'yan'uwanta, masu tsawon mita 5.4 ko 6 ko 6.4, tsayi kuwa sama da mita biyu da rabi. Su ne masu banɗaki da wurin wanka a ciki, kuma ban ga laifin wanda zuciyarsa ta karkata gare su ba, don ni ma can na fara nufa. Na ɗauki hayar mai mita 6 na kwana huɗu. A kwana na uku zazzaɓi ya rufe ƙaramar 'yarmu da tsakar dare, muka isa asibiti, ƙarfen mashiga ya hana ni shiga. Na sauke su a bakin ƙofa, na yi ta zagaye unguwa ina neman inda zan ajiye ta, yarinya na ciki ban san halin da ake ciki ba. Daga wannan daren na yanke hukunci: motar da za ta zama ita kaɗai a gida, kada ta kai mita biyu a tsayi. Mai mota ta biyu a gida, babbar ta halatta gare shi.

Hattara: rumfar gefe, farantin sola, ƙarafan ɗaura kaya a rufi da manyan tayoyi duk suna ƙara tsayi. Kada ka dogara da abin da ke cikin littafin mota. Auna ta yadda take, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari.

3. Lasisi da nauyi

Lasisin ƙaramar mota, wato rukunin B, ya ba ka damar tuƙa abin da nauyinsa da kaya bai wuce kilo 3,500 ba. Duk ƙananan da muke magana a kai suna ƙasa da haka. Wanda ya zo da lasisin Najeriya kuwa ya tuna wata 12 kawai zai yi tuƙi da shi daga ranar da ya zama mazauni, kuma ba a musanya shi da na nan, sai an zauna jarrabawa. A gama da wannan tukuna.

Inda matsalar take shi ne nauyin da ya rage maka na ɗaukar kaya. Kowace mota tana da ɗan faranti a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet da ke nuna iyakar nauyinta. A Volkswagen Transporter ma sunan ya faɗa: T28 kilo 2,800, T30 kilo 3,000, T32 kilo 3,200. Idan aka ɗauki T28 aka zuba mata kabad, firji, gado, rufi da batir na biyu, abin da ya saura ba shi da yawa. Yanzu ka lissafa naku: manya biyu, a ce kilo 150, yara uku, a ce 90, ruwa lita 30, kilo 30 ke nan, tankin mai cike, tukunyar gas, tanti, akwatuna, kekuna, shinkafa da tukwane. Kafin ka ankara ka haura 400.

Ka roƙi mai sayarwa ku je sikelin auna motoci na jama'a, kuɗinsa kaɗan ne, ka cire abin da sikeli ya nuna daga abin da ke kan faranti. Wuce ƙa'idar nauyi laifi ne, yana jawo tara, kuma kamfanin inshora na iya fakewa da shi ranar da kake buƙatarsa.

4. Inji

Kwafi lambar motar ka saka a shafin TfL, hukumar sufurin Landan, da na gwamnati na duba yankunan iska mai tsabta, tun kafin ka kashe kuɗin mai zuwa ganinta. Tun 29 ga Agusta 2023 tsarin ULEZ na cajin motoci masu yawan hayaƙi ya game dukan unguwannin Landan: motar dizal da ba ta kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 kowace ranar da ta motsa. Birmingham fam 8 take karɓa a tsakiyar gari. Mai kai yara makaranta kwana biyar a mako a Landan, ya ninka ya gani. Arahar tsohuwar mota a nan take ƙonewa. Motocin kaya na dizal galibi daga ƙarshen 2016 suka koma Euro 6, amma kada ka yi hukunci da shekara, lamba za ka duba.

Sai maganar da dillalai ba sa son ɗagowa. Injin dizal na zamani yana da matatar hayaƙi a salansa, DPF, wadda ke tara baƙin hayaƙi, kuma ba ta ƙone shi sai inji ya yi zafi a doguwar tafiya. Zuwa makaranta mil biyu a dawo, safe da yamma, shi ne abin da ke toshe ta. Idan rayuwarku ke nan, ko dai ku ɗaura wa kanku hawa babbar hanya na kamar rabin awa kowane mako ko biyu, ko ku duba masu fetur. Akwai Toyota Alphard da ake shigowa da su daga Japan a mayar da su ɗaki. Suna shan mai, amma gajeriyar tafiya ba ta dame su ba. Ita ma ka duba lambarta, ka kuma tambayi kuɗin inshorarta.

Hattara: injin Ford EcoBlue mai lita 2 bel ɗin taimin ɗinsa a cikin man inji yake gudu. Idan ya fara ruɓewa, ɓarɓashinsa kan toshe hanyar mai. Ka nemi rasit na canza shi da na canza mai a kan lokaci. A kowace mota ma ka tambayi ranar da aka canza bel, amsar baki ba ta isa ba.

Idan ku biyu za ku riƙa tuƙi, ku biyun ku gwada. In lasisin ɗayanku na otomatik ne kawai, zance ya ƙare.

5. Sai yanzu a leƙa cikin ɗaki

Wannan mataki da uwargida ake yinsa. Ran da muka je ganin wata mai kyan kabad, ina ta yaba aikin kafinta, sai ta zagaya baya ta buɗe but ta ce, "Maigida, keken jariri fa, ina za shi? Buhun shinkafa fa?" Babu wurinsu. Mun bar ta.

Tsari biyu aka fi gani. Na farko kicin a gefe ɗaya, daga bayan direba har baya. Yana cin faɗi, shi ya sa bencin baya ke zama na mutum biyu, gadon ƙasa kuma ya ƙuntata. Na biyu kicin a can baya, kamar na Nugget, benci na mutum uku a tsakiya. Ana iya girki yara na barci, amma but ɗin ya tafi. Akwai hanya ta uku da nake ganin ta fi dacewa da yawancinmu: mota mai cikakkun kujeru da rufi mai ɗagawa, sai akwatin kicin da ake sakawa lokacin hutu a cire a ajiye a gida in an dawo.

Game da girki, kada a yaudari kai. Murhun kai biyu ne a matse, manyan tukwanenmu biyu ba sa hawa tare. Firjin kuma bai wuce lita 40 da 'yan kai ba. Abin da muke yi shi ne a yi miya a gida a daskarar da ita a robobi, ita ce ƙanƙararmu a kwana biyun farko. Nama kuwa mu saya kafin mu bar gari, domin a ƙauyukan Wels da tsaunukan Sikotland za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mahaucin halal ba. Suya a waje ake yinta. Ƙaurin mai da daddawa in ya kama tantin rufi da katifa, har makaranta yara za su kai shi a kayansu.

Ƙananan nan ba su da banɗaki. Ana sayen ɗan masai na roba mai tanki, wanda ake zubarwa a wurin da sansanin kwana ya tanada, ba a kwata ba. Ka tabbata akwai kabad ɗin da zai shige. Ka sama wa buta mazauni inda ba za ta kife ba, da ƙaramar roba ta alwala, domin ɗan kwanon wanke-wanken ciki ba ya ɗaukar wankin ƙafa. Salla kuma: in an ɗaga rufi ana iya miƙewa tsaye, amma filin ƙasa da ƙyar yake isar mutum ɗaya ya yi sujada, balle a ce alƙibla ta zo daidai da shi. Rumfar gefe ko tanti su ne masallacinmu. Ni a wurina ba kayan ado ba ne, suna cikin kuɗin mota.

Ku hau gadon sama ku kwanta, ku tambayi nauyin da yake ɗauka, ku duba ragar da ke hana yaro faɗowa. Ku ja labule duka, ɗaya ya fita ya zagaya ya ga ko ana hango ciki.

Hattara: daren ƙasar nan yana sanyi ko a watan Yuli. Nemi mai hita ta dizal, irin su Webasto ko Eberspächer, wadda ke fitar da hayaƙinta waje. Kada a taɓa kunna murhu don ɗumama ɗaki, kada a shigo da gawayin gashi cikin mota ko tanti ko da ya yi kamar ya mutu. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Na'urar ƙararrawa mai gano ta ba ta kai kuɗin cika tanki ba. A saye ta ranar da aka sayi motar.

6. Yi haya kafin ka saya

Lokacin zafi hayar kwana ɗaya takan haura fam 100, kuma ban san kuɗin da ya fi wannan amfani a duk harkar ba. Amma kada ka ɗauka Juma'a ka mayar Lahadi. Haɗa da Litinin. Ka kai yara makaranta da ita, ka shiga fakin ɗin kanti, ka yi ribas a layinku da motoci ke jere hagu da dama.

7. Kuɗi, da kiran inshora kafin kafin-alƙalami

Sabuwar California ta haura fam 60,000. Ta hannu mai Euro 6 wadda kamfanin kirki ya gyara, ka shirya wa abin da ya kama daga fam dubu ashirin da wani abu zuwa arba'in. Farashi yakan sauko daga Oktoba zuwa Janairu, ya tashi in an doshi Ista. Ka ware wani abu gefe don tayoyi, batir na biyu da gyaran da ba a rasawa a shekarar farko. Gwajin lafiyar mota na shekara, wato MOT, ba ya wuce fam 54.85. Akwai kuma duban ɓangaren ɗaki, gas da lantarki da danshi, wanda doka ba ta tilasta ba amma bai kamata a tsallake ba. Mai gudun bashi da ruwa ya sani yawancin tayin biya-sannu-sannu na dillalai da ruwa ne. Gara a sauko zuwa abin da aljihu zai iya.

Yanzu kira kamfanonin inshora, da lambar motar a hannu. Faɗa musu abu uku ƙarara: ita kaɗai ce motar gidan, za a je aiki da ita, kuma an yi mata gyare-gyare kaza da kaza. Inshorar irin waɗannan motoci takan yi araha ne saboda an ɗauka hutu kawai ake zuwa da su. Wasu suna ƙayyade mil na shekara, wasu suna sharɗanta kana da wata motar, wasu ba su haɗa da zuwa wurin aiki ba. Sabon lasisi ma yana sa wasu su ƙi.

Ka duba abin da aka rubuta a takardar rajistar mota, V5C. Tun 2019 hukumar rajistar motoci, DVLA, ta tsaurara sharuɗɗan rubuta mota a matsayin ta kwana, don haka da yawa masu rufin ɗagawa suna nan a rubuce a matsayin motar kaya mai tagogi. Wannan ba aibi ba ne, amma ka karanta wa mai inshora abin da ke rubuce daidai, da adadin kujerun da ke takardar.

8. Ranar dubawa

Bi wannan jeri, kada ka bari mai mota ya juya maka shi.

Tun daga gida: tarihin MOT kyauta ne a shafin gwamnati, ka duba ko mil ɗin na hawa daidai shekara bayan shekara, da ko ana ta maimaita maganar tsatsa. Ka biya binciken HPI ko makamancinsa don sanin ko akwai bashi a kanta, ko ta sata ce, ko an taɓa yanke mata hukuncin ta tashi daga aiki.

Da ka isa: da rana, ba cikin ruwan sama ba, kuma a adireshin da ke kan V5C. Gwada lambar jikin mota da ta takarda. Taɓa bonet, in da ɗumi, an tayar da ita kafin ka zo, ka nemi jin tashinta a sanyi. Shiga ka rufe ƙofa ka shaƙa. Warin ruma ko turaren da ya yi yawa duk abin tambaya ne. Ɗaga katifu, danna bango a kewayen tagogi da inda aka yanka rufi. Ɗaga rufin ka sauke shi sau biyu da kanka, ka duba tantin ko ya yage ko ya yi baƙin ɗigo-ɗigo. Kunna murhu, firji, hita, famfo da fitilu, ka sa a jona ta da wutar gida ka ga batir na caji. Nemi takardar gwajin gas da ta lantarki. Duba shekarar tayoyi, ba zanensu kawai ba, domin motar da ke yawan zama tayarta tsagewa take yi. Sannan tuƙi, har da babbar hanya, rediyo a kashe.

Hattara: ana yawan damfara da hotunan motocin nan. Farashi ya yi araha ƙwarai, mai ita "ya yi tafiya", a turo kafin-alƙalami za a kawo har gida. Kada sisinka ya fita kan motar da ba ka taɓa da hannunka ba. Ka kuma sani in a wurin dillali ka saya, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da ita idan ta fito da aibi. Saye a hannun mutum ba shi da wannan kariya, don haka a nan ne ya fi dacewa ka biya bakanike mai zaman kansa ya raka ka.

9. Makon farko

Harajin hanya ba ya bin mota zuwa sabon mai ita. Ka biya naka, inshora ta fara aiki, sannan ka tayar.

Kwanan farko ku yi shi a sansanin da bai wuce tafiyar awa ɗaya daga gida ba, ku riƙe takarda kuna rubuta abin da kuka manta da abin da kuka ɗauko ba a taɓa ba. Manyan ƙungiyoyi biyu, Caravan and Motorhome Club da Camping and Caravanning Club, suna da ƙananan filaye a gonaki waɗanda ba sa ɗaukar fiye da mota biyar. Sun fi araha, sun fi sirri, kuma iyali sun fi sakewa a cikinsu. Kada ku ɗauka ko'ina ake kwana: wuraren fakin da yawa sun hana, kuma 'yancin kafa tanti a daji da ake faɗa a Sikotland bai shafi mota ba. Masu niyyar tsallakawa Faransa su nemi sitikar Crit'Air, mai nuna matakin hayaƙin mota, tun da sauran makonni, don ta gidan waya take zuwa.

In kun dawo, a zubar da ruwan tankuna biyun, na ruwa mai kyau da na ruwan datti, a rufe gas daga kan tukunya, a bar ƙofar firji a ɗan buɗe. Idan an sauke rufi tantin na jiƙe, a sake ɗaga shi a ƙofar gida cikin kwana ɗaya ko biyu har ya bushe sarai, sannan a mayar da kujerun yara mazauninsu kafin safiyar Litinin.